Dashi A Tukunyar Ma'u

Duk wanda ya zauna Argungu a shekarun da ƙasar Kabi ke cikin Jihar Sakkwato, in dai yana da hanci, ya san Ma'u mai romo. Rumfarta tana bakin tashar mota, ta zana ce da rufin kara, ba wani abin kallo ba. Amma direban da ya taso daga Sakkwato za shi Birnin Kebbi ba ya wuce ta, ko da fasinja za su cinye shi da mita. Da safe romon kan giwan ruwa take yi, da rana tuwon shinkafa da miyar kifi. Doguwa ce, mai kaurin murya, mai saurin hannu, kuma tun da take ba a taɓa jin ta yabi girkin wata mace ba. In an kawo mata abincin suna ko na biki, sai ta buɗe, ta shinshina, ta rufe, ta miƙa wa 'yan kamasho.

Mijinta Dankure masunci ne, irin mutanen nan da magana ke yi wa tsada. Shi ke kamo kifin, ita ke sarrafa shi. Allah bai ba su haihuwa mai tsayawa ba, ta haifi biyu, duk ba su kai yaye ba. Abin da ya tsaya mata a duniya shi ne ƙanenta Atiku. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, Ma'u kuwa tana amarya ko lalle bai gama fita daga hannunta ba, ta je ta ɗauko shi ta goya. Ita ke zare masa ƙaya daga tsokar kifi tana sa masa a baki. Ita ta kai shi makarantar boko, ita ta tsaya a kansa har ya zama malamin gona, aka tura shi Birnin Kebbi ya kama gida a unguwar Nasarawa. In ya zo hutu ya tsaya bakin rumfa cikin farar riga, sai ta nuna shi da ludayi ta ce wa direbobi, "Kun gan shi nan. Duk naman da ke jikinai, tukunyag ga ya hito."

Ko da ya yi aure, Ma'u ba ta sake shi ba. Matar da ya aura, Sadatu, 'yar Gwadangaji ce, malamar firamare, siririya, mai magana ƙasa-ƙasa. Ma'u ta yi neman laifinta har ta gaji. Yarinya ba ta da tsiwa, ba ta da ƙazanta, in ta gaishe ka sai ta kai gwiwa ƙasa. To, wannan fa shi ya fi ci wa Ma'u rai, don da akwai laifi da ta samu abin kamawa. Sai ta koma ga abin da ta san ba a kai ta. Kowane mako sai ta cika babbar langa da miyar kifi, ta ɗaure da tsumma, ta ba Illo direba ya kai Nasarawa. In ya dawo, kafin ya kashe mota tana tambaya, "Ya ci?" Illo ya ce ya ci har da suɗi. Ranar sai ta ƙara wa kowa romo ba a roƙa ba.

A shekarun nan ne waɗansu mutanen Japan suka zo gwajin shinkafa a fadama. Mutanenmu sun saba watsa iri, su bar sauran ga Allah. Su kuwa baƙin nan sai sun reni iri a ɗan fage, ya fito ya yi tsawon taƙi, sannan a cire a bi igiya ana dasawa layi-layi. Dashi, dashi, ba su da magana sai ta dashi. Manoma suka yi ta dariya, suna cewa ga masu jera shinkafa kamar sahun salla. Aka haɗa Atiku da ɗaya daga cikinsu yana yi masa tafinta. Mutumin ya zo da matarsa, wata 'yar ƙaramar mace mai yawan sunkuyar da kai, kuma gidansu ba nisa da na Atiku. Kaɗaici ya dame ta, Sadatu kuma tana jin Turanci, sai suka ƙulla ƙawance. Da labari ya kai Argungu cewa matar ba ta cin nama, ba ta cin kifi, Ma'u ta taɓe baki ta ce, "Wadda ba ta cin kihi, mi ya kawo ta bakin gulbi?"

Ana nan, lokacin noman rani, tumatir ya cika kasuwa har ana roƙon mutane su saya, sai ciwon shawara ya kama Atiku. Idonsa ya yi rawaya, jiki ya saki, ya kwanta. Likita ya duba shi, ya ba da magani, ya hana shi mai da maiƙo, ya ce a samu abin da zai riƙa shiga cikinsa ko yaya ne, don rashin ci shi ke kayar da mai wannan ciwo. Ma'u ba ta san abin ya yi nisa ba sai ranar da Illo ya dawo da langa, ya ajiye a gabanta yana kallon wani waje. Ta ɗaga, ta ji nauyi. Ko tsumman ba a kwance ba.

"Mi ya faru?" in ji ta.

Illo ya sosa ƙeya ya ce, "Wai ko buɗewa kada a yi cikin gidan. Ƙarnin kihi na tada mishi zuciya."

Ƙarni. Miyar Ma'u ce yau ake kira ƙarni. Ta rufe rumfa da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba ko ranar da haƙori ya hana ta barci. Washegari da sassafe ta dafa sabon romo, ta tsame duk kitsen da ke sama, ta shiga gaban motar Illo da langa a cinya. Duk hanya tana gaya wa kanta cewa yarinyar nan ce ba ta iya ɗumame ba.

Ta tarar da shi kwance a kan katifa, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Amma ta dake. Ta zauna bakin katifa ta ce, "Tashi, ɗan inna, ga ni na zo da kaina." Ya yi murmushi ya ce, "Sannu, Yaya." Tana ɗaga murfin langa, sai ya juya fuska ga bango, ya toshe hanci da bakin zane, kafaɗunsa suka fara motsi. Sadatu ta ruga da tasa. Ma'u ta rufe langar da sauri, ta fita da ita tsakar gida, ta tsaya riƙe da abinta ba ta san inda za ta ajiye ba.

Da aman ya lafa, sai ga Sadatu ta fito daga kicin da ɗan ƙaramin kwano. Ma'u ta leƙa. Wani jan ruwa ne tsararo, ba mai a samansa, ba tsoka, ba ƙashi, sai 'yan yankan lawashi, wato ganyen albasa, suna yawo. Ta bi ta har ƙofar ɗaki don ta ga yadda zai ture. Atiku ya tashi zaune, ya karɓa, ya kurɓa da cokali, ya lumshe ido. Ya sha, ya sha, har ya ɗaga kwanon ya kafa kai. Sannan ya ce, "Da saura?"

Wallahi da mari aka sharara wa Ma'u da ya fi mata sauƙi. Ta yi farin ciki ya ci, wannan ba ƙarya ba ne, don ƙanenta ne kuma tana son ransa. Amma kishi ya taso ya rufe ta. Yaron da ta ciyar tun ba shi da haƙori, yau yana lumshe ido a kan ruwan wanke tumatir na wata.

Sadatu ta ce, "Yaya, in zuba miki ki ɗanɗana? Matar mutumin Japan ta koya min. Ita kaɗai cikinai ka karɓa."

"Na ƙoshi," in ji Ma'u.

Amma da Sadatu ta koma ɗaki, sai ta lallaɓa kicin, ta waiga, ta ɗauki ludayi ta lasa. Ta so ƙwarai ta ji salam. Ina. Miyar tana da ɗan tsami, da ɗan zaƙi, da ƙamshin citta, sannan a ƙarƙashi akwai wani garɗi mai nauyi kamar an kwana ana dafa ƙashi. Ta ƙara lasa don ta tabbata, ta ji ya ma fi na farko. Ta leƙa tukunya, ta juya ta har ƙasa, ba ko sili na nama.

Sadatu ta shigo ta same ta da ludayi a hannu. Ma'u ta yi maza ta ce, "Ƙuda nike kora. Ke, gaya min gaskiya, nama kika dahwa kika tsame, ko?"

"Wallahi babu, Yaya. Abin da ake yi shi na, da farko sai a samu..."

"Ban tambaye ki ba. Ni za ki koya wa girki?"

Sadatu ta sunkuyar da kai. Ma'u ta fita ta zauna a gindin katanga tana fifita da murfin kwano, ranta na son jin ƙarashen maganar kamar me, girman kai ya hana. Allah da ikonsa, bayan la'asar maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga tana tambayar jikin mai gida, har ta gangaro kan miyar da ake ta labari. Ma'u ta yi kamar tana gyangyaɗi, ta baza kunne.

Ta ji Sadatu na cewa, "Ai ba wuya. Sirrin duka dashi na. Ki jiƙa, ki ɗora bisa wuta kaɗan-kaɗan, kahin shi tahwasa ki tsame. Wannan ruwan za ki zuba wa tumatir, bayan kin ɓare mishi bawo. In babu dashi, to babu miya."

Ma'u ta buɗe ido ɗaya. Dashi! To, ai shi ke nan. Mutanen da suka ƙetaro teku don dashi, suka hana manoma sakat da dashi, ina mamaki in har a miya suna zuba shi? Ta ji wani sanyi a ranta. Ashe sirrin da ake yi mata yanga da shi yana nan shimfiɗe a fadamar Argungu, kore shar, akuya ma na samu. Ta kwana, da safe ta yi sallama, ta ce wa Atiku ya ƙara haƙuri, tana nan dawowa da abin da zai tashe shi.

Tana sauka Argungu ta zarce fadama, wurin wani manomi Tamba, wanda ya karɓi sabon salon noman ya reni iri a bakin rijiyarsa. Ta ce ya cire mata dashi dami guda. Tamba ya dube ta ya ce, "Ma'u, noma za ki koma? Ina gonar take?" Ta ce masa ya cire kawai, tambaya ba ta cikin ciniki. Ta ɗauko a ka, laka na ɗiga mata a wuya, ta bi ta bayan gari don kada matan unguwa su gani.

A gida ta wanke shi tas, ta jiƙa, ta ɗora a wuta kaɗan-kaɗan yadda ta ji, ta tsame kafin ya tafasa. Ruwan ya fito kore-kore. Ta zuba wa tumatir ruwan zafi ta ɓare, tana tsaki, don a ganinta ɓare tumatir aikin wanda ba shi da aiki ne. Ta haɗa, ta sa gishiri da citta, ta yanka lawashi. Ga ido dai, ba ta da maraba da ta Sadatu. Ta zuba wa Dankure, ta tsaya a kansa.

Dankure ya kurɓa, ya daɗe bai haɗiye ba. Sannan ya ajiye kwanon a hankali ya ce, "Wanga na akuya na ko nawa?"

Ta ce bakinsa ne ya mutu da kifi, bai san abincin mutanen waje ba. Amma da ta ɗanɗana da kanta ta san gaskiya ya faɗa, ɗanɗanon ciyawa ne zalla. Sai ta ce ƙila saiwar ake so ba ganyen ba. Ta gwada saiwa, miya ta yi warin laka. Ta ce ƙila tunda miyar tumatir ce, dashin tumatir ake nufi. Ta koma fadama ta samo, wannan kuwa ɗaci ya yi har ta tofar. Kwana da kwanaki rumfa ba ta ga romon kirki ba, direbobi suna zuwa suna tarar da tukunya ta huce, mai ita tana gida tana dafa ciyawa. Dankure ya ce mata sau ɗaya, "Ki tambayi yarinyar mana." Ta yi masa kallon da bai ƙara ba.

A ƙarshe ta koma kan ganyen shinkafar, ta rage shi, ta ƙara citta don ta danne. Ta ɗanɗana ta ce, ai ya yi kusa. Bai yi kusa ba, ita ma ta sani can cikin ranta, amma mai son abu ba ya rasa hujja. Ta ce ai harshen mara lafiya daban ne da na mai lafiya. Ta ɗaure langa ta sake shiga motar Illo.

Ta tarar jikin Atiku ya ɗan yi dama, har yana jingina da bango. Ta shiga da fara'a ta ce, "Ga irin taku ta Japan na yi maka. Babu kihi, babu mai. Sha ka ji hannun manya." Sadatu da ke tsaye ta ɗan zaro ido. Atiku ya dubi yayarsa, ya ga yadda take kallonsa, ya karɓi cokali. Ya kai na farko, fuskarsa ta canza, ya daure ya haɗiye. Ya kai na biyu don kunya. Na uku bai kai baki ba, duk abin da ke cikinsa ya dawo, har da ɗan kunun da aka samu ya sha da safe. Ya yi ta yunƙuri har ya galabaita, ya kwanta yana haki, gumi ya jiƙa masa riga.

Ranar har azahar ta wuce ko ruwa bai karɓa ba. Sadatu ta kawo masa ragowar tata miyar, yana ganin jan abu a kwano ya kau da kai ya ce a fita da shi. Nan ne hankalin Ma'u ya tashi na gaske. Abu ɗaya tak da cikinsa ke karɓa, ita ta zo ta ɓata masa shi. Ta zauna a kicin kan turmi, ta haɗa kai da gwiwa.

Sadatu ta shigo ta durƙusa gefenta ta ce, "Yaya, don Allah kada ki ji haushi. Mi kika sa ciki?"

"Mi zan sa? Abin da kika ce. Na ji ki da kunnena kina gaya wa maƙwabciyarki. Dashi. Na gonar Tamba, ɗanye, da hannuna na wanke."

"Dashin... shinkahwa?"

"To na mi?"

Sadatu ta ciji leɓe, ta dubi ƙasa, ta daɗe a haka. Ba ta yi dariya ba. Ma'u ta so a ce ta yi, ko ta samu dalilin yi mata tas. Yarinyar sai ta miƙe, ta sauko da wani gwangwani daga kan kanta, ta buɗe. A ciki akwai waɗansu baƙaƙen falle-falle busassu kamar guntun ƙirgi, da waɗansu ƙulle-ƙulle masu ruwan ƙasa.

"Wanga ganye na, cikin teku shike hitowa, daga garinsu anka aiko mata. Wanga kuma laimar kwaɗi ta, irin wadda ake ci, busassa. In an jiƙa su an ɗumama, ruwan da ya hita shi suke kira dashi da harshensu. Ba namu na gona ba. Sunan na kawai ya zo ɗaya."

Ma'u ta kalli gwangwanin, ta kalli langarta. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Duk sunayen duniya sun ƙare, sai namu za su ɗauka?"

Sadatu ta rufe gwangwanin, ta sake buɗewa. Sannan ta ce, "Yaya, tun jiya bayana ke ciwo, ga shi dole a yi sabuwa, ko Allah zai sa anjima shi karɓa. Da za ki taimake ni ki riƙa, ni ina daga zaune."

Ma'u ba yarinya ba ce, ta san ba wani ciwon baya, mutunci ne ake saya mata. Wannan ma ya ƙona mata rai, don ba abin da ya kai alherin wanda kake kishi ciwo. Amma ta jiyo tarin Atiku daga ɗaki, sai ta miƙe ta ɗaura zane da kyau ta ce, "Faɗi."

Haka mai romon tashar Argungu ta tsaya gaban murhu ana gaya mata. Ta jiƙa baƙin ganye da laimar kwaɗi a ruwan sanyi, suka zauna jira har ganyen ya buɗe ya yi faɗi. Ta ɗora a wuta, ta janye itace har sai da ya rage 'yar ƙaramar wuta. Da ruwan ya fara ƙananan ƙwayaye a gefe, Sadatu ta ce a tsame ganyen yanzu, in ya tafasa yauƙi zai yi. Ta tsaga bayan tumatir, ta tsoma a ruwan zafi, ta sulluɓe bawon, ta yanka ƙanana. Ta yanka albasa siri-siri ta dafa ta a ɗan ruwan dashin har ta yi laushi, ba ko ɗigon mai. Hannunta ya kai kan kwalbar man gyaɗa da kansa, Sadatu ta ce, "Yaya." Ta janye. Ya kai kan tattasai, Sadatu ta sake cewa, "Yaya." Ta janye tana huci.

Aka zuba tumatir, aka bar shi ya narke, aka juye sauran ruwan dashi a kai. Aka kankare ɗanyar citta kaɗan. Sadatu ta ce asali da wani dakakken wake mai tsami ake ƙarasawa, amma na matar mutumin Japan ya ƙare, ita ce ma ta shinshina daddawa a kasuwa ta ce 'yan uwan juna ne. Don haka aka dama daddawa ɗan mitsitsi, aka tace, aka zuba bayan an sauke tukunya. Sai gishiri, sai lawashi a sama. Ma'u ta ɗanɗana. Ita ce, ba ragi. Ta ajiye ludayin.

Gab da magariba Sadatu ta ɗauki kwano ta shiga ɗaki. Ma'u ta biyo ta, ta tsaya bayan labule inda ba ya ganinta. Ta ji ana lallashi, ta ji yana cewa a'a, ta ji an ce ko cokali ɗaya. Can sai ta ji ƙarar cokali a jikin kwano, ta sake ji, ta sake ji. Ta dafa bango, ta yi hamdala a zuci.

Sai ta ji muryarsa, a raunane, yana cewa, "Wagga ita ta miya. Hannunki daban na, Sadatu, Allah shi yi miki albarka. Don Allah ki lallashi Yaya ta bar wahal da kanta. In na tuna abin da ta kawo ɗazu, zuciyata tashi take. Kada dai ki ce ni na ce."

Sadatu ta juyo ta hango ƙafafun Ma'u a ƙarƙashin labule. Ta buɗe baki ta ce, "Ai wannan ma..." Ma'u ta ɗaga gefen labulen kaɗan, ta zare mata ido, ta girgiza kai. Ta san cikin mara lafiya. In ya ji hannunta ne, zai tuna da na safe, kuma shi ke nan an koma gidan jiya. Sadatu ta haɗiye maganarta ta fito da kwano wayam. Ma'u ta karɓa ta cika, ta barbaɗa lawashi, ta ce ƙasa-ƙasa, "Kai mishi. In kika hwaɗa, ban yahe ba."

Ba ta koma Argungu ba sai da Atiku ya miƙe. Kullum ita ke tsaye gaban murhu, kullum Sadatu ke kai kwano, kullum tana jin albarkar da ake sa wa wata ta cikin labule. Da rana ta shiga ta gaishe shi hannu wofi, ya ce, "Yaya, kin huta ko?" ta ce ta huta. In ka ce kishin ya tafi ka yi ƙarya, yana nan yana cin ta safe da yamma, sai dai ba ta bari ya shiga tukunya ba.

Atiku ya warke sarai, ya koma aiki, ya koma cin kifi ma. Mutanen Japan suka gama abin da ya kawo su suka tafi. Bayan shekara Sadatu ta haihu, aka yi suna a Nasarawa, Ma'u ta zo da manyan tukwanenta ta ciyar da unguwa. Da yamma, dangi sun cika tsakar gida, Atiku ya shigo gaishe da mata, hira ta kai kan ciwon da ya yi. Ya ce, "Ni dai ba don Allah ba don matag ga ba, da yanzu wani labarin ake. Miya guda ta riƙe ni, da hannunta, kullum ba gajiya." Mata suka yi guɗa, suka yi ta sa wa mai jego albarka. Ma'u ta miƙe ta ce za ta duba wuta.

Sadatu ta lallaɓa ta same ta a kicin tana kankare ƙanzon tukunya da ƙarfi fiye da yadda ƙanzon ke bukata. Ta tsaya bakin ƙofa da jariri a kafaɗa ta ce, "Yaya, abin nan na damuna. Ai ya warke. Ki bar ni in gaya mishi ke kika yi ta dahwawa."

Ma'u ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ki gaya mishi mi? Ko kin gaya, miyarki ta. Ni ludayi kawai na riƙe." Ta share ido da bayan hannu, ta ce hayaƙi ne, ko da yake wutar ta daɗe da mutuwa. Sannan ta ce, "Koma ciki, iska na bugun yaron."